Filin Tambaya da Amsa: Neman Digiri na Biyu a Ilimin Tauhidin Kirista

A 'yan watannin nan, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun taru ne a kan batu ɗaya, wato ƙaro karatu a fannin tauhidi bayan digiri na farko. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba. Ta farkon ce ta fi ɗaukar wuri, domin yawancin abin da sauran ke nema yana cikinta.

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni fasto ne a wata ikkilisiyar ƙauye a kudancin Jihar Bauchi. Shekarata tara a bakin aiki, ina da digirin farko a tauhidi, ina kuma da mata da 'ya'ya huɗu. Na daɗe ina son yin digiri na biyu, amma idan na duba takardun makarantu sai in ga M.A., da M.Div., da M.Th., in rasa wanne ne nawa. Ga shi kuma wasu dattawan ikkilisiyarmu suna cewa Littafi Mai Tsarki da Ruhu Mai Tsarki sun ishe ni, wai yawan karatu yakan sanyaya zuciyar mai wa'azi. Wace shawara za ka ba ni?

AMSA: Ɗana, na gode da wasiƙarka, Allah ya ƙarfafa hannunka a wannan aiki. Zan fara da maganar dattawanka kafin in zo kan sunayen digirin, domin idan ba a warware ta ba, duk takardar da ka samo za ka dawo da ita ne cikin gidan da bai yi murna da tafiyarka ba. Kada ka ɗauki maganarsu a matsayin rashin sani. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai yiwuwa sun taɓa ganin wani mai wa'azi da ya tafi makaranta yana magana da harshen da tsofaffi ke ganewa, ya dawo yana cusa Turanci da Helenanci a kowace jimla, ya rage ziyarar marasa lafiya, ya fara ganin ƙauye ya yi masa kaɗan. Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa, na kuma ga irin wannan da idona, abin yana damuna ƙwarai har yau. Abin da na lura shi ne, wanda ya tafi neman laƙabi da laƙabi yake dawowa, wanda kuma ya tafi da tambayoyin jama'arsa a zuciya yakan dawo da abin da zai ba su.

Ka zauna da su cikin ladabi, ka buɗe musu Ezra 7:10, inda aka ce Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, da aikata ta, da koyar da ita, a jere haka. Ka tuna musu cewa Bulus ya yi karatu a wurin Gamaliyel, kuma Afolos, duk da iya maganarsa da sanin Nassi, ya yarda Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Ka kuma nuna musu Littafi Mai Tsarkin da ke hannunsu, domin bai zo da Hausa ba tun farko. Mutanen da suka san harsunan asali ne suka yi shekaru suna aikin fassara, Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin manyansu, har cikakkensa ya fito a 1932, sannan aka sake wata fassara a 1979. Ashe kowane dattijo da ke karanta Zabura da safe yana cin moriyar dogon karatun wani ne.

Yanzu ga bambancin digirin. M.Div. karatu ne na kimanin shekara uku, an tsara shi musamman domin wanda ya yi digirin farko a wani fanni dabam, kamar lissafi ko aikin gona, yana kuma son shiga aikin fasto. Saboda haka yana farawa ne daga tushe, ya bi ta Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, da tarihin ikkilisiya, da koyarwar bangaskiya, da dabarun wa'azi da kiwon garke. Kai da ka riga ka yi digirin farko a tauhidi, idan ka shiga wannan za ka maimaita abubuwa da yawa da ka sani. M.A. yakan ɗauki kimanin shekara biyu, yana kuma ba mutum dama ya kama fanni ɗaya ya zurfafa a ciki, ko nazarin Nassi, ko aikin bishara, ko ba da shawara, ko ilimantarwar Kirista. M.Th. kuwa na bincike ne, an gina shi a kan karatun tauhidin da aka riga aka yi, kuma shi ne hanyar da ta fi miƙewa ga wanda ke son koyarwa a makarantar tauhidi ko wucewa zuwa digirin digirgir. Sai dai makarantu ba su bi tsari ɗaya ba wajen amfani da waɗannan sunaye, don haka kada ka tsaya ga haruffan, ka nemi jerin darussan ka karanta shi ɗaya bayan ɗaya.

Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce, wane aiki kake ganin kanka a ciki shekara goma bayan ka gama? Idan kiwon ikkilisiya ne, wanda nake ji a jikina shi ne kiranka bisa ga yadda ka rubuta, to ka nemi M.A. a nazarin Nassi ko a aikin kiwo. Idan kuma ɗarikarka ta riga ta nuna tana son ka koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki, to M.Th. ya fi dacewa, ka kuma shirya wa harsuna sosai.

Bari in daɗe kaɗan a kan harsunan nan, domin su ne abin da ɗalibai suka fi tsoro, kuma su ne abin da ya fi saura a hannun mutum bayan ya manta sauran darussa. An rubuta littattafai 27 na Sabon Alkawari da Helenancin da talakawa ke yi a kasuwa a wancan zamani, Tsohon Alkawari kuwa da Ibrananci, in ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da ke cikin Aramiyanci. Haruffan Helenanci 24 ne, na Ibrananci 22, ana kuma rubuta Ibrananci daga dama zuwa hagu kamar ajami. Mai jin Hausa yana da wata riba a nan wadda ɗalibin Turai ba shi da ita, domin Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne, Hausa kuma cike take da kalmomin da ta aro daga Larabci, sai ka riƙa cin karo da kalmomin da kunnenka ya saba da danginsu, kamar ruhu da salama da mala'ika. Ba kaifin basira ake bukata ba kamar naci. Rabin awa kowace safiya, ba fashi, ya fi kwana ɗaya cur a ƙarshen mako. Idan ka iya, ka fara koyon haruffa da kalmomin farko tun kafin ka cike takardar neman shiga, za ka gode wa Allah da ka yi haka. Ribarsa kuma a wa'azi ba ta cikin furta kalmar Helenanci a gaban jama'a. Tana cikin cewa kai da kanka ka san abin da ayar ta faɗa da abin da ba ta faɗa ba, ka daina ɗora mata kayan da ba nata ba.

Za ka kuma haɗu da tarihin da zai faɗaɗa maka zuciya. Za ka karanta yadda taron shugabannin ikkilisiya na Nikiya a shekarar 325 da na Kalsidon a 451 suka yi ta fama da tambayar wanene Almasihu, za ka ga cewa manyan masu tunanin farko da yawa 'yan nahiyarmu ne: Tatuliyan a Kartaj, Atanasiyus a Iskandariya, da Agustin wanda ya yi bishop a Hippo, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, har ya rasu a 430. Gaskiya ne za ka karanta marubutan da ba su yarda da abin da ka yarda da shi ba, wasu ma za su girgiza ka na ɗan lokaci. Wannan shi ne ainihin abin da dattawanka ke tsoro, kuma maganinsa shi ne kada ka yanke zumunci. Ka ci gaba da sujada, da addu'a tare da iyalinka, da wa'azi ko da sau ɗaya a wata ne a wata ƙaramar majami'a kusa da makaranta.

Game da inda za ka je, ba ka bukatar tafiya mai nisa. Akwai TCNN, wato Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, a Bukuru kusa da Jos, wadda ta fara karatu a 1959 da Dokta Harry Boer a matsayin shugabanta na farko, ɗarikun TEKAN (Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya) kuma suka daɗe suna tura ɗalibansu can. Akwai JETS, makarantar tauhidi ta ECWA a cikin garin Jos, wadda aka kafa a 1980, da tsohuwar makarantar ECWA ta Kagoro, da ta COCIN a Gindiri. A kudu akwai ta Baptis a Ogbomosho wadda tarihinta ya koma 1898. Da yawa daga cikin irin waɗannan makarantu suna da tsarin karatun lokacin hutu, inda ɗalibi ke zuwa na 'yan makonni ya koma bakin aikinsa. Yana ɗaukar lokaci fiye da na kullum, amma ga mai 'ya'ya huɗu da ikkilisiya a wuyansa, ina ganin shi ne ya fi, domin sannu ba ta hana zuwa.

Magana ta ƙarshe gare ka ita ce ta kuɗi da iyali, kuma ba ƙarama ba ce. Ubangiji ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Lissafinka ya haɗa da kuɗin makaranta, da na mota, da littattafai, da buga kundin bincike, da kuɗin makarantar yaranka wanda ba zai tsaya domin kai ma ka koma aji ba. Ka zauna da matarka kafin ka zauna da kowa, domin ita ce za ta ɗauki gida da gona da baƙi a duk makonnin da ba ka nan. Bayan ita, ka nemi amincewar majalisar ikkilisiya da ta gunduma a rubuce, a bayyana ko albashinka zai ci gaba da kuma wanda zai riƙe maka aiki. Na ga ɗalibai da suka taho da alkawarin baki kawai, shugabanci ya canja, suka tsaya a tsakiyar karatu ba gaba ba baya.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, na karanta aikin gona a jami'a. Ina koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'armu, ina kuma son digiri na biyu a tauhidi. Shin za a karɓe ni? Kuma gwamnati za ta san da takardar idan na gama?

AMSA: Ɗan'uwana, za a karɓe ka, domin irinka aka tsara wa M.Div. tun asali. Idan ba ka da niyyar zama fasto, wasu makarantu suna da difloma ta gaba da digiri, ta kimanin shekara ɗaya, wadda ke share wa mutum hanya zuwa M.A. Ilimin aikin gonar da kake da shi ma ba asara ba ne, domin yawancin ikkilisiyoyinmu na manoma ne, kuma malamin da ya san damuwar iri da taki da rikicin gona yana karanta misalan Yesu da wani ido.

Tambayarka ta biyu ce ta fi bukatar kulawa, domin a nan mutane da yawa suka yi kuka bayan sun gama. Amincewa iri biyu ce, kuma samun ɗaya ba ya nufin samun ɗayar. Ta farko ita ce ta hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC. Makarantar tauhidi ba jami'a ba ce, saboda haka hanyar da takardarta ke samun karɓuwa a wurin gwamnati ita ce ta haɗin gwiwa da wata jami'a da aka amince da ita, kamar yadda TCNN da JETS ke da alaƙa da Jami'ar Jos. Amma ka lura da kyau, alaƙar takan shafi wasu shirye-shiryen karatu ne, ba lallai dukansu ba. Makaranta tana iya faɗin gaskiya cewa tana da haɗin gwiwa da jami'a, alhali digirin da kai kake nema ba ya ciki. Don haka ka je ofishin magatakarda da ƙafarka, ka tambaya a kan wannan digirin takamaimai, ka ce a nuna maka sunan da za a rubuta a saman takardar. Amincewa ta biyu ita ce ta ƙungiyar ACTEA, wadda aka kafa a 1976 domin tantance makarantun tauhidi na ɗarikun bishara a Afirka. Wannan ita ce ke da amfani idan kana son wata makarantar tauhidi a Kenya ko Ghana ko ƙasashen waje ta karɓi karatunka, amma ba ita ce ke sa ma'aikatarka ta ƙara maka matsayi ba.

Idan ƙarin girma a aikin gwamnati ko koyarwa a jami'a yana cikin burinka, akwai hanya ta uku, wato sashen nazarin addini na jami'a kai tsaye, kamar na Jos ko na Ibadan. Za a nemi sakamakonka na sakandare da na digirin farko, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Sai dai ka san cewa jami'a tana nazarin addini ne a matsayin fannin ilimi, ba ta ɗauki nauyin horar da kai domin hidimar ikkilisiya ba, kuma ba za ka sami sujadar safe da zaman tare na makarantar tauhidi a can ba. Kowanne yana da amfaninsa, kai ne ka san wanda kake bukata.

TAMBAYA: Baba, na gama digirin farko da sakamako mai kyau, abokaina suna cewa in nemi makaranta a Amurka ko Ingila, wai digirin gida ba shi da daraja. Wani kuma ya turo mini tallan wata makaranta a intanet da ke ba da digirin digirgir a tauhidi cikin wata shida. Ya kake gani? Daga wani matashi a Yola.

AMSA: Ɗana, ka rabu da tallan nan tun yau. Digirin digirgir na gaskiya yakan ci shekara uku zuwa biyar ko fiye bayan digiri na biyu, da kundin bincike da masana za su karanta su yi maka tambayoyi a kansa. Wanda ake bayarwa cikin wata shida sayar da takarda ne, kuma mai hidimar Allah da ya sa wa kansa laƙabin da bai yi wa aiki ba ya fara ƙarya tun kafin ya buɗe baki. Akwai karatun intanet na ƙwarai, amma alamominsa a fili suke: sananniyar hukuma ta tantance shi, malamansa suna da sunaye da rubuce-rubucen da za ka iya nema ka gani, kuma ana iya faɗuwa jarrabawarsa.

Game da fita waje, ban yarda da abokanka ba. A matakin digiri na biyu, makarantunmu sun isa, suna kuma da abin da na waje ba su da shi, wato malamai da ɗalibai da suka san abin da ake nufi da yin wa'azi ga gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, ko zama lafiya da maƙwabci Musulmi bayan rikici. Inda waje ya fi mu shi ne ɗakin karatu, kuma a matakin digirin digirgir wannan yana da nauyi. Akwai ƙungiyoyi irin su Langham, wadda John Stott, wani mai wa'azi ɗan Ingila, ya assasa, da ke tallafa wa masu digirin digirgir daga ƙasashe irin namu, bisa fahimtar cewa za su koma gida su koyar, kuma sukan nemi shaidar makaranta ko ɗarikar da ke jiran mutum. Tsakanin gida da Turai ma akwai wurare a nahiyarmu, kamar cibiyar Akrofi-Christaller da marigayi Kwame Bediako ya kafa a Akropong ta ƙasar Ghana, wadda ta ɗauki harsunan uwa da muhimmanci a nazarin tauhidi.

Ina so ka san labarin Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936. Ya fara karatunsa na Littafi Mai Tsarki a Igbaja, ya wuce Landan, ya zama babban sakataren ECWA, sannan ya tafi Dallas a Amurka inda ya sami digirin digirgir a 1974. A can nesa ma, addinin gargajiyar mutanensa Jaba yana cikin abin da ya yi nazari a kai. Ya dawo nahiyar ya shugabanci ƙungiyar ɗarikun bishara ta Afirka, ya yi ta kira a kafa manyan makarantun tauhidi a nan gida, har ya rasu a teku kusa da Mombasa a watan Disambar 1975 yana da shekara 39. Ita ACTEA da na ambata a sama daga burinsa ta fito. Ko waɗanda suka saɓa masa a ra'ayi, Bediako yana cikinsu, ba su iya tsallake shi ba. Idan za ka tafi, ka tafi irin tafiyarsa, da sanin wurin da za ka dawo da kuma tambayar da ka ɗauka daga gida.

TAMBAYA: Baba, ni malamar darasin addinin Kirista ce a sakandare, kuma shugabar Zumuntar Mata a majami'armu a Gombe. Ɗarikarmu ba ta naɗa mata fasto. Shin akwai amfanin in yi digiri na biyu a tauhidi?

AMSA: 'Yata, akwai amfani mai yawa, kuma ina roƙonki kada ki bar wannan niyya. Ɗariku sun bambanta a kan naɗin mata, wasu suna yi wasu ba sa yi, amma ilimin tauhidi bai taɓa zama na masu naɗi kaɗai ba. Ki dubi yawan mutanen da ke zaune a gabanki a mako guda, ɗalibai a aji da mata a zumunta, za ki ga cewa fastoci da yawa ba su kai ki masu sauraro ba. Matan nan suna kawo miki tambayoyin da ba za su taɓa kai wa namiji ba, a kan rashin haihuwa, da gadon gwauruwa, da duka a gidan aure, da masu annabcin da ke karɓe musu ɗan jarinsu da sunan shuka iri. Irin waɗannan tambayoyi suna bukatar wadda ta san Nassi da zurfi. Tun 1989 Mercy Amba Oduyoye ta ƙasar Ghana ta tara mata masana tauhidi na Afirka a Accra domin su yi bincike su rubuta, amma har yanzu muryar matan arewa ba ta da yawa a rubuce. Ki duba fannin ilimantarwar Kirista ko na ba da shawara ko nazarin Nassi, kuma tun da ke ma'aikaciya ce, ki karanta amsar da na ba ɗan'uwanmu na Kaduna a kan amincewar takarda, sannan ki nemi izinin ƙaro karatu daga ma'aikatarki kafin ki fara.

TAMBAYA: Malam, na gama darussan aji, saura kundin bincike, amma sau biyu malamin da ke duba aikina yana mayar mini da batun da na zaɓa, wai ya yi faɗi. Na fara karaya. Daga wani ɗalibi a Jos.

AMSA: Ɗana, kada ka karaya, malaminka yana ceton ka ne daga wahalar shekaru. Ɗalibanmu suna son batu irin su ceto a cikin Sabon Alkawari, ko matsalolin ikkilisiya a Nijeriya, alhali kowanne daga cikinsu ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya. Kundin digiri na biyu tambaya ɗaya yake amsawa, ƙarama, wadda za ka iya faɗa wa matarka cikin jimla guda ta gane. Ka kama nassi ɗaya, ko kalma ɗaya, ko gunduma ɗaya a cikin shekaru ƙayyadaddu.

Kuma ina ba ka shawara ka duba kusa da kai, domin a nan ne kake da abin da babu wani masani a Turai da zai riga ka. Ka ɗauki kalmar alheri, wadda Littafi Mai Tsarkinmu ya yi amfani da ita a Afisawa 2:8. A bakin Bahaushe alheri yakan zama kyautar da ake tunawa, wani lokaci har a rama, to me mai sauraro a ƙauye ke ji idan aka ce da alheri aka cece shi, kuma yaya wannan ya dace ko ya saɓa da abin da Bulus ke nufi? Ka ɗauki adalci, ko tuba, ko fansa, kalmomin da muke tarayya a kansu da maƙwabtanmu Musulmi, kowa da abin da yake fahimta. Ka dubi dalilin da ya sa wasu fassarori suka ce Kristi wasu suka ce Almasihu, alhali dukansu shafaffe suke nufi. Akwai waƙoƙin Zumuntar Mata, waɗanda ke ɗauke da koyarwa mai yawa a kan wahala da mutuwa da sa zuciya, kuma kaɗan ne aka rubuta aka yi nazarinsu. Akwai tsofaffin masu bishara da suka kafa majami'u a ƙasar Maguzawa da kan duwatsu, waɗanda ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya da tarihinsu a ka. Idan ka zaɓi irin wannan, ka nemi izinin duk wanda za ka yi hira da shi, ka rubuta rana da wuri, ka kuma adana muryar da ka ɗauka a wuri fiye da ɗaya.

Ka kiyayi kwafar aikin wani ba tare da ambatonsa ba, ko biyan wani ya rubuta maka, ko miƙa abin da kwamfuta ta harhaɗa a matsayin naka, domin makarantu suna korar ɗalibi a kan haka, kuma ko ba a kama ka ba sata ce. Ka riƙa kai wa malaminka babi ɗaya ɗaya, kada ka ɓace wata shida ka dawo da tuli.

Makaranta za ta bukaci ka rubuta da Turanci, wannan ba yadda za ka yi da shi. Amma ina roƙonka, idan ka kare kundin a gaban malamai, ka zauna ka mayar da zuciyarsa Hausa cikin shafi goma ko goma sha biyar, ka koyar da shi a taron fastocin gundumarku, ka kuma ba makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ke kusa da ku kwafi. Masu bisharar da ke karatu a irin waɗannan makarantu su ne ke riƙe da yawancin majami'un ƙauyukanmu, littattafan da ke hannunsu kuma ba su da yawa. Ka rubuta tambayoyi uku ƙanana a takarda ɗaya, kowacce da nassinta da wurin da za ka samo bayananta, ka kai wa malaminka a makon nan, sannan ka sake rubuto mini in ji wadda ya zaɓa.